Amanar Ma'aikacin Laburare a Gaban Masu Mulki: Misali Daga Amurka

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa amana iri biyu ke wuyan ma'aikacin laburaren jama'a, watau amanar littafi da amanar mai karatu, kuma ta waɗannan ƙofofi biyu ne masu mulki kan ɓullo masa. Za mu ɗauki misali daga Amurka.

A shekarar 1939 Ƙungiyar Laburarorin Amurka ta amince da ƙa'idoji biyu. Ta farko ta ce kada a ƙi ajiye littafi saboda ra'ayin marubucinsa. Ta biyu kuwa, watau ƙa'idar ladubban aiki, ta wajabta wa ma'aikaci ya riƙe sirrin masu karatu.

An jarraba amana ta farko a garin Bartlesville na Jihar Oklahoma. Ruth Brown ta shugabanci laburaren garin tun 1919, amma a 1950, lokacin da tsoron kwaminisanci ya game ƙasar, sai aka zarge ta da ajiye mujallu masu cusa wannan aƙida, irin su The Nation da The New Republic. Hukumar laburaren ta goyi bayanta. Sai majalisar gari ta rushe hukumar, sannan ta sallame ta. Masu binciken tarihi sun nuna cewa biri ya yi kama da mutum: babban laifinta a wurin manyan gari shi ne fafutukar da take yi don a daina wariyar launin fata. Ta kai ƙara kotu, ba ta yi nasara ba.

Amana ta biyu kuwa an jarraba ta a 2005. Bisa dokar tsaro da aka kafa bayan harin Satumba 2001, hukumar bincike ta FBI ta nemi wasu ma'aikata huɗu a Jihar Connecticut su ba ta bayanan masu amfani da kwamfutar wani laburare, ba tare da umarnin alƙali ba, ta kuma hana su faɗa wa kowa. Suka ƙi, suka garzaya kotu. A 2006 gwamnati ta janye.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idar ƙungiya ba doka ba ce. Ba ta hana kora, kamar yadda Ruth Brown ta gani. Amfaninta shi ne ta ba ma'aikaci hujjar da ta fi son ransa, ya ce sana'a ce ta hana, ba taurin kai ba. Wanda ya janye littafi guda don gudun fushin mai mulki na yau, da wace hujja zai hana na gobe? Haka kuma mai karatun da ya san ana leƙen abin da ya ara, da ƙafarsa zai daina zuwa, ko da ba a taɓa ko littafi ɗaya ba.