Hannun birki da giya mai araha: me ya sa wani ke zama a kekenka, wani ya ƙi?

Idan kana zaune a Birnin Gwari ko garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kuyello, Randagi da Dogon Dawa, ba sai an gaya maka darajar keke ba. A shekarar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na wata uku saboda matsalar tsaro, ta kuma hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin lita ɗaya ya isa ya sa mutum ya waiwayi keken da ya jingine a zaure.

Sai dai kekunan da ke shigowa yanzu ba irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu ba ne, masu birkin sandar ƙarfe da kowane mai gyara ya haddace. Da yawansu na hannu ne daga Turai da Asiya, masu giya da birkin waya. A cikinsu akwai keken tsere, mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, wanda birkinsa da giyarsa ke haɗe a hannu ɗaya. Wannan hannun shi ne ya fi fitowa waje a jikin keken, don haka shi ke fara karyewa idan an faɗi. Na asali yana da tsada, shi ya sa ake komawa ga masu araha na kamfanoni irin su microSHIFT da Tektro na Taiwan, ko Sensah da L-TWOO na China.

Tambayar ita ce: zai zauna? Amsar ba ta cikin farashi, ba ta kuma cikin sunan kamfani. Tana cikin abu ɗaya: milimita nawa na waya hannun ke ja idan ka matsa shi. Bari mu bi ta daki-daki.

Birki: doguwar ja da gajeriyar ja

Ka taɓa ɗaga dutse da sandar ƙarfe a gona? Idan ka sa ƙaramin dutsen da sandar ke dogara a kai dab da babban, hannunka zai yi doguwar tafiya, babban dutsen ya ɗan motsa kaɗan, amma da ƙarfi sosai. Idan ka ja madogarar baya, dutsen zai fi motsawa, amma sai ka yi nishi. Ba a samun biyun a tare: abin da ka samu na ƙarfi, ka biya shi da tazara.

Hannun birki ma sanda ce irin wannan. Yana juyawa a kan ƙusa, kan wayar kuma yana maƙale a ɗan nesa da ƙusar. Idan wayar tana kusa da ƙusa, hannun zai ja waya kaɗan amma da ƙarfi. Wannan shi ne mai gajeriyar ja. Idan tana nesa, zai ja waya da yawa amma da ƙarancin ƙarfi. Shi ne mai doguwar ja, kuma abin da yake ja ya kusa ninka na farkon.

Su ma birkin da ke bakin taya kashi biyu ne. Akwai wanda ke rataye da ƙusa ɗaya a saman taya, yana cizon rim kamar awartakin maƙeri. Shi ne na keken tsere, kuma gajeriyar ja yake so. Akwai kuma mai dogayen hannaye biyu a tsaye, ɗaya a kowane gefen taya, waya ta ratsa samansu. Shi ne birkin V, wanda Shimano ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990 don kekunan hawa dutse. Dogayen hannayen nan sun riga sun ninka ƙarfi, saboda haka abin da suke buƙata shi ne waya mai yawa, wato doguwar ja. Birkin faifai mai aiki da waya shi ma iri biyu ake yinsa, na keken tsere da na keken dutse, ga kama ɗaya a ido amma ja daban.

To, me zai faru idan aka haɗa su a karkace?

Idan ka sa hannun keken tsere a kan birkin V, za ka matsa har hannun ya taɓa kan keke, robar ba ta gama kama rim ba. Mai gyara zai iya matso da robar dab da rim don ya rufe giɓin. A kan kwalta mai tsabta hakan na iya ɗan yi. Amma a hanyar gona da damina, inda jar laka ke liƙe wa taya, ko kuma idan rim ya ɗan goce saboda ramuka, robar za ta riƙa gogar rim kana tafiya. Da ta ɗan ci kuma, birkin ya tafi.

Ɗaya haɗin ya fi yaudara. Idan ka sa hannu mai doguwar ja a kan birkin awartaki, za ka ji shi da tauri, ka ce lallai wannan birki ya kama. Alhali taurin alama ce ta cewa ƙarfin yatsunka ba ya ninkuwa. Robar ta taɓa rim da wuri, amma ba ta matse shi ba. A tsaye a gaban shago ba za ka gane ba, sai a gangaren rafi.

Ka yi lissafin da kanka. Mutum mai kilo 70 a kan keke mai kilo 15 ya zama kilo 85. Ɗora masa kilo 50 na masara a kariya, ya koma 135. Aikin da birki zai yi ya ƙaru da fiye da rabi. Idan gudu ya ninka sau biyu kuwa, aikin sau huɗu yake ninkuwa, ba sau biyu ba. Birkin da ke tsayar da kai a cikin gari ba lallai ya tsayar da kai da kaya a gangare ba.

Kamfanonin sun san da wannan. Tektro, misali, yana yin hannu biyu masu kama da juna don lanƙwasasshen kai: RL340 mai gajeriyar ja, da RL520 mai doguwar ja don birkin V. Kamfani ɗaya, siffa kusan ɗaya, aiki daban. Ka ga ke nan cewa "na Tektro ne" bai amsa tambayar ba, lambar da ke jiki ce ke amsawa.

Giya: kowane ƙas da awonsa

Kafin 1984, galibi canza giya da kunne ake yi. Kana tura ɗan hannu a hankali har ka ji kaca ta hau faifan da kake so ta yi shiru. A shekarar ce Shimano ya fito da tsarin SIS, inda kowane "ƙas" ɗaya ke kai kaca faifai na gaba daidai. A 1990 ya haɗa birki da giya a hannu ɗaya, Campagnolo na Italiya ya biyo baya a 1992, SRAM na Amurka ya shigo kekunan tsere a 2006. Kowa da awonsa, kuma daga nan rikicin ya samo asali.

Abu uku ne dole su yi daidai. Na farko, wayar da hannu ke ja a kowane ƙas. Na biyu, maturin kaca, wato ƙarfen nan mai ƙananan wili biyu da ke rataye a tayar baya, wanda ke juya jan waya ya zama motsi zuwa gefe. Na uku, tazarar da ke tsakanin fayafayan haƙora na baya.

Ɗauki Shimano mai giya 8. Hannun yana jan kimanin milimita 2.8 a kowane ƙas. Maturin yana ninka wannan sau 1.7. Idan ka buga, za ka samu kusan milimita 4.8, kuma ita ce tazarar fayafayan. Shi ya sa kaca ke sauka daidai.

Yanzu kawo hannun keken dutse na SRAM mai giya 8, irin wanda aka yi wa maturin SRAM. Shi kimanin milimita 4.3 yake ja, domin maturinsa sau 1.1 kawai yake ninkawa. Haɗa shi da maturin Shimano, kowane ƙas zai tura kaca fiye da milimita 7, wato faifai ɗaya da rabi. Dukansu "giya 8" aka rubuta, amma ba sa jin yaren juna.

Ko a gida ɗaya ma, adadin giya yana da muhimmanci. Tazarar mai giya 7 milimita 5 ce, ta mai 8 kuma 4.8, ta mai 9 kimanin 4.35. Idan ka sa hannun 8 a kan fayafayai 9, kuskuren ƙas ɗaya bai kai rabin milimita ba. Amma taruwa yake yi. Bayan ƙas huɗu ya kai milimita 1.8, kaca ta tsaya kusan tsakiyar fayafayai biyu, tana ƙara tana tsalle. Wannan ne dalilin da za ka ga an saita giya ta yi kyau a faifai biyu ko uku, sauran kuma sun ƙi. Ba laifin mai gyara ba ne, lissafin ne bai fita ba.

Labari mai daɗi shi ne, daga giya 6 zuwa 9 maturin baya na Shimano, na tsere da na dutse, kusan duk ninki ɗaya suke amfani da shi, wato 1.7. Yawancin kekunan hannu masu sauƙin kuɗi a nan suke, kuma hannaye masu araha da yawa, kamar R8 da R9 na microSHIFT, wannan awon suka bi. Daga giya 10 ne hanya ke rabuwa. Na dutse mai 10 ya canza ninki, na tsere mai 11 ma ya canza, sannan Tiagra 4700 da ya fito a 2015, duk da cewa 10 ne, ba ya aiki da tsofaffin masu 10. Shi kansa microSHIFT yana da Advent mai giya 9 da ke da awon kansa, ba ya haɗuwa da maturin Shimano. Maturin gaba kuma, na wajen feda, a Shimano na tsere daban yake ja, na dutse daban.

Ƙananan abubuwan da ke ɓata tafiya

Kaurin kan keke ba ɗaya ba ne. Lanƙwasasshe milimita 23.8 ne a inda ake ɗaura hannu, miƙaƙƙe kuma 22.2, don haka hannun wannan ba ya ɗauruwa da kyau a wancan. Kan wayar birki ma iri biyu ne: na tsere da na miƙaƙƙen kai, kowane da ramin da yake zama.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuben waya. Na birki ƙarfensa a naɗe yake kamar sifirin, yana jure matsa mai ƙarfi. Na giya kuwa siraran wayoyi ne a miƙe, roba ce kawai ta riƙe su. Idan aka sa kuben giya a birki, yana iya fashewa daidai lokacin da ka matsa da dukkan ƙarfinka. Kada ka yarda a yi maka wannan, ko da shi kaɗai ya rage a shago.

Kafin ka ba da kuɗi

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya haura kilomita 100. Kayan da aka aiko maka ba daidai ba, ko ka yi odarsa ta intanet, mayar da shi wani aiki ne. Saboda haka ka yi binciken tun keken yana gabanka.

Ƙirga fayafayan baya. Duba bayan maturin kaca, akwai suna da lamba a jiki, ka ɗauki hotonsu da wayarka. Duba irin birkin: awartaki ne, V ne, ko faifai? Kada ka jefar da karyayyen hannun, shi ne ma'auninka. Auna daga tsakiyar ƙusar da yake juyawa a kai zuwa inda kan waya ke zama, ka gwada da sabon. A hannayen miƙaƙƙen kai, abin da ya gaza milimita 30 galibi mai gajeriyar ja ne, wanda ya haura kuma mai doguwa. Idan mai sayarwa ya ce "yana shiga kowane keke", tambaye shi: da wane maturi, kuma giya nawa?

Idan giyar ta ƙi haɗuwa, akwai mafita mai arha: tsohon ɗan hannu marar ƙas. Tunda kai ke tsayar da shi inda kake so, kusan kowane maturi yana bi, ƙurar hunturu ma ba ta cika rikita shi ba. Sai ka sa hannun birki zalla wanda ya dace da birkinka, a raba aikin biyu.

Birki kuwa ba shi da irin wannan dabarar, sai dai a gwada. Bayan an ɗaura, matsa hannun da dukkan ƙarfinka. Ya kamata ya tsaya da sauran fili tsakaninsa da kan keke, aƙalla kaurin yatsa. Riƙe birkin gaba ka tura keken, tayar baya ta ɗaga. Riƙe na baya ka tura, tayar ta ja ƙasa ba tare da ta juya ba. Sannan ka ɗora kayan da ka saba ɗauka, ka gwada a fili kafin ka nufi gangare. Giyar da ba ta zauna ba, ƙara za ta yi ta ci maka kaca, ka lallaba ka isa gida. Idan birki ne ya faɗi ɗaya daga gwaje-gwajen nan, kada ka hau, a sake hannu tukuna.