Bindiga ma haja ce: wa ya sayar, wa ya saya?

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, ku ne kuka fi kowa sanin cewa babu hajar da ke faɗowa daga sama. Buhun shinkafa da turmin atamfa duk suna da mai yi, da dillali, da takardar duwan. To, bindiga ma haka take. Ba a ƙera kalashinikof a ƙasar Kurfey, amma ga ta nan ta hana mu sakewa a hanyoyin Abala da Banibangu.

Ba mu manta da ranar 15 ga watan Maris na 2021 ba, da aka tare motocin masu dawowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe mutum 58. Banibangu kuwa har shekarar 2011 cikin gundumar Filinge take. Shi ya sa muke tambaya: daga ina waɗannan makamai suke fitowa?

Akwai inda ake dubawa. A shekarar 1997 wasu ƙungiyoyin ƙasar Norway suka kafa wani shiri mai suna NISAT, suka tara lissafin cinikin ƙananan makamai tsakanin ƙasashe cikin kundi guda a intanet. An daina ƙara masa sabbin bayanai, amma babban tushensa na nan: kundin Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe ke zuba lissafin duwan ɗinsu. A can kowace haja da lambarta. Ta makamai 93 ce: 9301 makaman yaƙi, 9302 ƙananan bindigogin hannu, 9306 harsasai.

Aiki da shi kamar duba littafin bashi ne. Sai ka zaɓi ƙasar da ta sayar, da wadda ta saya, da shekara, da irin kayan, ya nuna maka kuɗin cinikin. Ƙasashe da yawa ba su bayyana abin da suka saya, don haka masu bincike sukan bi ta wajen mai sayarwa. In ɗan kasuwar Kano ya rubuta ya aiko buhu ɗari, na Filinge ya ce saba'in ya karɓa, ai kun san akwai magana.

Dabarar ta yi amfani. A shekarar 2021 ƙungiyar Amnesty ta duba hotuna da bidiyon ƴan bindigar Sahel, ta gano sabbin bindigogi ƙirar ƙasar Sabiya a hannunsu. Da ta duba rahoton da Sabiya ta bayar, sai ga shi ta sayar wa Burkina Faso makamai. Zaton ƙungiyar shi ne an ƙwace su a fagen daga, ko an karkatar da su ta bayan fage.

Sai dai kundin cinikin halal kaɗai yake gani. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya yanke takarda. Makaman da suka watsu daga rumbunan Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 ba su bi ta duwan ba. Nan ne lambar da ke jikin kowace bindiga take da rana. Masu bincike irin na Conflict Armament Research sukan ɗauki hoton lambar makamin da aka kama, su tambayi ƙasar da ta ƙera shi wa ta sayar wa, su bi sawu har inda ya ɓace.

Ƙasarmu ta san wannan aiki. Tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI mai karɓar makaman da ke hannun jama'a ba bisa doka ba, kuma a ranar 25 ga Satumba na 2000 aka ƙona bindigogi a Agadas don tabbatar da sulhu.

Saura namu. Direba, ka san abin da ke cikin buhun da aka ɗora maka. Hajiya mai shago, kada ki karɓi ajiyar da ba ki buɗe ba. Wanda ya tsinci bindiga ko harsashi a daji, kada ya taɓa, ya sanar da maigari ko zandarma, domin lambar da ke jiki ita ce shaida. In kasuwa ta daina ci, mai sayar da goro da mai tallar fura su ne farkon kwana da yunwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.