Kuɗin Ruwa, Takardun Lamuni da Hannun Jari: Lissafin da Ya Haɗa Su

Gabatarwa

Sau da yawa mukan ji a rediyo an ce Babban Bankin Nijeriya ya ƙara kuɗin ruwa, sai mu ɗauka zancen 'yan banki ne kawai. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu, da lissafi mai sauƙi, yadda wannan sanarwa take shafar duk wanda ya zuba kuɗinsa a takardun lamunin gwamnati ko hannun jari.

Takardar Lamuni

Takardar lamuni shaida ce cewa ka ranta wa gwamnati kuɗi. Tana biyanka kuɗin ruwa a kai a kai, sannan ta mayar maka da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika. Tun 2017 Ofishin Kula da Basussuka yake sayar da wani nau'i da ake iya saya da N5,000.

A misali, ka sayi takardar N100,000 mai biyan kashi 10 cikin 100, wato N10,000 a shekara. Sai aka ƙara kuɗin ruwa, sababbin takardu suka koma biyan kashi 20. Idan ka matsu ka sayar da taka, babu mai ba ka N100,000, domin sabuwa ta fi ta. In shekara ɗaya ta rage, mai saye zai karɓi N110,000 a ƙarshe, saboda haka abin da zai biya ka bai wuce N91,667 ba. In kuwa shekara 10 ta rage, farashin zai faɗo kusan N58,000. Ke nan kuɗin ruwa ya hau, takarda ta sauka, kuma mai dogon wa'adi ta fi jin jiki.

Kasuwar Hannun Jari

Hawan kuɗin ruwa yakan matsi wannan kasuwa ta hanya biyu. Na farko, rance yakan yi wa kamfanoni tsada, ribarsu ta ragu. Na biyu, masu zuba jari sukan koma ga takardun gwamnati, tunda hatsarinsu kaɗan ne. Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A 2024 Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, amma ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya tashi da fiye da kashi 30.

Hauhawar Farashi

A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda N100,000 ɗinsa ta zama N120,000 a wannan shekara zai ga kamar ya ci riba, alhali kayan da yake saya da N100,000 sun koma N134,800.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kafin mu saka ɗan abin da muka tara, mu yi tambaya uku. Nawa ake biya? Yaushe wa'adi zai cika? Nawa ne hauhawar farashi? In ta uku ta fi ta farko, kuɗin yana ƙaruwa ne a takarda, yana raguwa a kasuwa.