Zaɓen Kayan Aikin Kanikanci a Mai'adua

Garin Mai'adua yana arewa da Daura, dab da kan iyakar Nijeriya da Nijar. Kasuwarsa tana ci ran Lahadi, kuma a ranar motocin dabbobi da na fasinja da babura sukan cika garin. Saboda haka bakaniken wannan wuri bai san irin motar da za a turo masa ba. Wannan ne ya sa zaɓen kayan aiki ya zama muhimmin al'amari gare shi, musamman yaron da aka yaye, wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba.

Abu na farko da gwani yake dubawa shi ne awo. Sifana da soket iri biyu ne: masu awon milimita da masu awon inci. Motocin Peugeot, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da na Japan duk milimita suke bi, amma tsofaffin Land Rover inci ne. Ko cikin milimitar ma akwai bambanci: motar Japan ta fi son lamba 10 da 12 da 14 da 17, ta Faransa kuwa ba ta rabuwa da 13. Rabin inci milimita 12.7 ne, don haka lamba 13 takan hau notin rabin inci kamar ta zauna, alhali da ɗan sako-sako. Da an danna da ƙarfi sai ta cinye kafaɗun notin, aikin minti biyar ya koma na guduma da kurfi, wani lokaci har da biyan mai mota.

Soket kuma akwai mai kusurwa shida da mai goma sha biyu. Mai shida ya fi kama noti, shi ya dace da wanda ya yi tsatsa ko ya cije. Mai goma sha biyu ya fi saurin shiga a lungun inji. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi duka ba, mai shida ya fi masa. Abin mamaki, ko soket na milimita ne, ramin da hannunsa yake shiga da inci ake auna shi, kuma na rabin inci shi ne na aikin ƙarfi.

Ga mai nazarin harshe, sunayen ma abin lura ne. Sifana da filaya da sukudireba daga Ingilishi aka aro su. Direban da ya tsallako daga Matamaye kuwa, in ya nemi sifana, kile zai ce, daga Faransanci.