Toyota ta Japan ce, amma a ina aka ƙera taka?

Ka tsaya a tashar Yelwa Yauri da safe ka dubi motocin da ke lodin Kontagora, Koko da Birnin Kebbi, ko masu ɗaukar albasa da bandar kifi daga kasuwannin bakin ruwa. Za ka ga da yawansu Toyota ne: Hiace, Sienna, Corolla, sai Hilux ta masu shiga ƙauyukan Ngaski da Shanga. Ka tambayi direba, zai ce maka "'yar Japan ce". Kamfanin dai na Japan ne, babu shakka. Amma da yawa daga cikin motocin nan ba su taɓa taka ƙasar Japan ba.

Toyota na ƙera motoci kusan miliyan 10 a shekara, kuma kamar miliyan 3 ne kawai ke fitowa daga masana'antunta na gida, irin su Motomachi da Tsutsumi a birnin Toyota, da kuma Tahara. Sauran a waje ake yin su. Yawancin Camry da ake kawo mana daga Amurka, a garin Georgetown na jihar Kentucky aka ƙera su, inda aka fara aiki a 1988. Sienna kuwa, da ta cika tashoshinmu, ba a taɓa ƙera ta a Japan ba. Tun 2003 a jihar Indiana ake yin wadda ke zuwa mana. Hilux galibi daga Tailan take fitowa, ko daga Durban a Afirka ta Kudu. Ana yin Corolla a Turkiyya da Ingila, a da kuma an yi ta a Kanada.

Me ya sa kamfani zai bar gida ya je ya gina masana'anta a ƙasar wasu? Na farko haraji. Amurka na karɓar kashi 25 cikin 100 a kan motocin a-kori-kura da aka shigo da su tun 1964, kuma a 1981 ta matsa wa Japan har ta taƙaita yawan motocin da take tura mata. Mafita ita ce a ƙera motar a cikin Amurkar. Na biyu kuɗin jirgin ruwa da hawa da saukar kuɗin Japan, wato yen: idan ya yi tsada, motar da aka yi a gida sai ta gagari mai saye a waje. Na uku, kowace kasuwa da abin da take so. Ba'amurke na son mota mai faɗi, mu kuma muna son mai jure zafi, ƙura da ramuka.

Mu ma mun taɓa ɗanɗana wannan. A 1975 kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, inda 504 ta riƙa fitowa. Sai dai harhaɗawa daban, ƙerawa daban. Yawancin sassan a akwatuna suke zuwa daga Faransa, a nan a ɗaura su. Shi ya sa da naira ta karye a shekarun 1980, sassan suka yi tsada, aikin ya ja baya, kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su, waɗanda muke kira Baljiyam. Ita ma wannan kalmar tana ruɗi: tashar Antwerp ce ta Baljiyam da ake loda su ta ba su sunan, ko da a Jamus ko Japan aka ƙera su.

To, yaya za ka gane asalin taka? Kusan kowace mota da aka yi don kasuwar duniya tun 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Duba ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko jikin ƙofar direba. Farkon lambar shi ke faɗin ƙasa:

J: Japan
1, 4 ko 5: Amurka
2: Kanada
MR0: Toyota ta Tailan
AHT: Toyota ta Afirka ta Kudu
NMT: Toyota ta Turkiyya
SB1: Toyota ta Ingila

Idan motar Amurka ce ko Kanada, na goma a jerin yana nuna shekarar samfurin: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A kuma 2010. Ba a sa haruffan I, O da Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Idan ka ga lamba gajera wadda ba ta kai 17 ba, da alama an yi motar ne don a tuƙa a cikin Japan, inda sitiyari ke hannun dama. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta dama da sitiyari a hagu, don haka irin wannan motar sai an juya mata sitiyari, kuma juyin da ba a yi da kyau ba haɗari ne.

Amfanin sanin wannan a aljihunka yake. Corolla ta Amurka da ta Turai suna iya zama shekara ɗaya, amma injinsu, fitilunsu da wasu sassan birki su bambanta. Mutumin Wara da ya aika a sayo masa kayan gyara a Kontagora ko Sakkwato, aka kawo ba su shiga ba, ya yi asarar kuɗin mota da kwana biyu na aiki. Da ya tura hoton lambar shasin ta waya, da an huta. Haka kuma idan dillali ya ƙara maka kuɗi don wai "ainihin 'yar Japan ce", kar ka yi gardama, leƙa gilashin kawai. Kuma kar J ta ruɗe ka: lafiyar tsohuwar mota ta fi dogara da yadda aka riƙe ta fiye da ƙasar da ta fito. Ka gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke takardun kwastan, sannan ka kira makanikenka kafin ka biya.