MAI ƊORI A BAKIN FILIN ƘWALLO: KASUWA CE, AMMA AMANA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

 Yau ba maganar basir ko shawara za mu yi ba. Maganar ƙashi ce, da matasanmu masu buga ƙwallo da kokawa, da masu ɗorin da ake kai su wurinsu. A daure a karanta har ƙarshe, domin akwai hannu da ƙafar ɗan wani a cikin zancen nan.

Tun bayan sulhun da aka yi a ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen shekarar 2024, har aka sake buɗe kasuwar kara, jama'a suka ɗan samu sararin numfashi. Allah Ya ɗorar mana da zaman lafiya. Alamar farko da na gani a nan Randagi ita ce yara sun koma fili. Da an sallame la'asar sai ka ji ihu, an kafa duwatsu biyu an yi raga, ƙura na tashi. Inda kuwa ake gudu da tsalle, dole a samu targaɗe da gocewar ƙashi da karaya.

Kwanakin baya wani matashi da ya gaji ɗori wurin mahaifinsa ya same ni a zaure, ya ce: "Baba Malam, ina so sana'ar nan ta kankama. Na ga 'yan ƙwallo kullum cikin ciwo suke. Ta yaya zan jawo su?" Na ce: "Zauna, ɗana. Neman halal ba laifi ba ne, amma bari in fara ba ka labarin da ya hana ni barci shekara da shekaru."

*ABIN DA YA FARU A GABANA*

Wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, a wani ƙauye kusa da mu. Ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, ya faɗo a kan hannu, gwiwar hannun ta kumbura. Aka kai shi wurin mai ɗori, ya ja, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Da dare yaro ya yi ta kuka. Aka ce ai magani ne ke aiki. Dare na biyu uban ya zo ya ce in je in yi masa tofi. Na je, na yi addu'a, na tofa, na dawo gida. Wallahi ban ɗaga mayafin na dubi yatsunsa ba. Kwana na uku yatsu suka yi baƙi, fata ta yi bororo. Lokacin kuwa hanya ba ta biyuwa sai an jira rakiya. Ko da aka isa asibiti, naman ya riga ya mutu. Aka yanke hannun don a ceci ransa.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ni na san da na duba yatsun nan a daren, na sa an sassauta ɗaurin an kama hanya, wataƙila da yanzu yana noma da hannu biyu. Addu'a ba ta hana duba yatsu. Tun ranar ban ƙara yi wa mai karaya tofi ba sai na taɓa yatsunsa.

Kada ku ɗauka sabon abu ne. Babban likitan Musulunci Abul Ƙasim Az-Zahrawi, mutumin Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya rubuta littafin At-Tasrif mai kashi 30, kashi na ƙarshe a kan aikin hannu ne, har da babin ɗori. A ciki ya ba da labarin wani jahilin likita da ya ɗaure karayar ƙafar wani yaro tamau a kan rauni, ƙafa ta kumbura ta ruɓe. Aka kira Zahrawi ya kwance, amma an makara, yaron ya rasu. Shekara dubu ke nan, har yau kuskuren bai canza ba.

*ME YA SA ƊAURI MAI TSANANI KE KASHE GAƁA?*

Idan ƙashi ya karye, wurin zai yi ta kumbura har kwana biyu zuwa uku. Jini yana bi ta jijiyoyi ya ciyar da tsoka, kamar yadda ruwa ke bin kwalbati ya shiga fadama. Idan nama na kumbura daga ciki, kara da tsumma sun matse daga waje, sai hanyar jini ta toshe. Tsokar da ta rasa jini ba ta jimawa, cikin kamar awa 6 ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Alamomin da za a duba duk bayan 'yan awoyi, har cikin dare:

1. Ciwo yana ƙaruwa maimakon ya ragu, musamman in an miƙar da yatsu.
2. Yatsu sun yi sanyi, ko sun kumbura sun yi sumul.
3. Farce ya yi fari fat ko ya yi duhu. Ka danna farcen ka saki, in lafiya lau ne jan zai dawo cikin daƙiƙa 2.
4. Yana jin kamar tururuwa na bin yatsun, ko ba ya jin taɓi, ko ya kasa motsa su.
5. Bororo ko wari.

Ko ɗaya aka gani, a sassauta ɗaurin nan take, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa, sannan a nufi asibiti.

*ABIN DA SHARI'A TA CE*

Wasan motsa jiki halal ne matuƙar ba caca, ba buɗe al'aura, ba tozarta sallah. Ya zo a Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), kuma ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Ya zo kuma daga Jabir (RA) cewa an yi masa ƙaho a kwatangwalo saboda wani targaɗe da ya samu. To ka ga neman magani ga ciwon gaɓa sunna ce.

Amma akwai hadisin da ya kamata kowane mai ɗori ya riƙe, wanda Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito. Ma'anarsa, duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin abin ba, to ramuwar ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Gado kaɗai ba ilimi ba ne. Wanda ya gaji kara da tsumma bai gaji idon mahaifinsa ba sai ya zauna ya koya. Batun karya ƙafar kaza wai in ta warke mutum ya warke, wannan camfi ne da zaluntar dabba, ba shi da asali a addini.

Ga mai ɗauri kuma, Allah Ya sauƙaƙa. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan jabira: ba sai ka kwance ɗori don alwala ko wanka ba, ka wanke inda yake lafiya, ka shafi saman ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu. In tsayuwa ta gagara ka yi sallah a zaune.

*TARGAƊE NE KO KARAYA?*

Mafi yawan ciwon 'yan ƙwallo a idon sawu yake. A targaɗe, igiyoyin da ke riƙe gaɓa ne suka miƙe ko suka ɗan yage, ƙashi lafiya lau. Likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wata hanyar gwaji mai sauƙi a 1992, wadda ko a ƙauye za a iya amfani da ita. In mutum ya kasa taka ƙafar taku 4, ko da ɗingishi ne, ko kuma ka danna bayan ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, ya yi tsalle don zafi, to a je a ɗauki hoton ƙashi. Haka ma in zafin a kan ƙashin gefen ƙafa ne, daidai tsakiya, layin ƙaramin yatsa.

In targaɗe ne kawai, ga yadda za a yi:

• Ya bar wasa nan take. Kada a ce "taka ka gani, ai namiji ne".
• A sa sanyi minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a tsumma. In babu, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar.
• A naɗe da bandeji sassauƙa, yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashi.
• A ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu in ya kwanta.
• Kwana biyu zuwa uku na farko ba ruwan zafi, ba murza, ba ja. Zafi da murza suna ƙara zubar jini a ciki.
• Bayan kumburi ya fara saɓewa, a shafa man kaɗanya ko man zaitun da aka haɗa da ɗan man habbatus sauda, a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Man nan yana tausasa fata ya rage tsami, amma ba ya haɗa ƙashi. Allah ne ke haɗa ƙashi, in an daidaita shi an bar shi ya huta.
• Ya fara motsa ƙafar kaɗan-kaɗan, ya riƙa koyon tsayuwa a kan ƙafa ɗaya kamar mai langa. Wannan ke hana targaɗen dawowa.

Ƙaramin targaɗe mako ɗaya zuwa biyu ne, babba yakan kai mako 6 ko fiye. Karayar babban mutum kuwa mako 6 zuwa 12. Sauri ya haifi nawa. Kuma a ji tsoron Allah a daina shan tramadol ko allurar kashe zafi don a koma fili. Zafin nan ɗan aike ne, in ka kashe ɗan aike ba ka kashe saƙon ba.

*WAƊANDA BA NA MAI ƊORI BA NE*

1. Karayar da ƙashi ya huda fata ko akwai rauni a kai. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba gari ko toka. Yana bukatar wanki da allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi.
2. Gwiwar hannun yaro. Babbar jijiyar jini a nan take bi.
3. Karayar cinya da kwatangwalo. Jini mai yawa na zuba a ciki ba a gani.
4. Wuya da gadon baya. Wanda aka kayar a kokawa ya ce wuyansa, ko hannu da ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi a ja, kada a ɗora shi a babur. A riƙe kan daidai, a ɗauke shi a kan ƙyaure ko katako.
5. Buguwar kai. In ya suma ko ya ruɗe, ba zai koma wasa ranar ba. In ga amai, ko yawan barci, ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti yanzu-yanzu.
6. Ciwon ƙashi mai zazzaɓi, ko na mai sikila. Ba a murzawa, ba a tsagawa.

A fara da babban asibitin Birnin Gwari. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Barau Dikko a Kaduna, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Tunda tafiyarmu da nisa, gara a tashi da safe da zato, da a tashi da dare da tabbas.

Sai kuma murɗa wuya har ya yi ƙas, da matasa ke kwaikwayo daga bidiyon waya. Sana'ar da ake kira kairofraktik ce, ta masu gyaran gadon baya da hannu, wadda wani mai suna Palmer ya fara a Amurka a 1895, kuma da yawansu na bin ƙungiyoyin wasa. Su can sai sun yi shekaru suna karatu an ba su lasisi, duk da haka an samu waɗanda jijiyar wuyansu ta yage bayan murɗawa har ɓarin jiki ya shanye. Ina ga wanda ya koya a waya? Wuyan ɗan mutane ba abin gwaji ba ne.

*AMSAR DA NA BA MAI ƊORIN*

Na ce masa, ɗana, kasuwarka ba a allo ko lasifika take ba, a bakin 'yan ƙwallo take. Ka riƙa zuwa bakin fili da butar ruwan sanyi da bandeji, ka taimaka a wurin ba tare da ka miƙa hannu ba. Ka koya wa kyaftin da mai horar da su yadda za su ɗumama jiki minti 10 kafin wasa, su tsince duwatsu, su cike ramuka. Ka faɗi kuɗinka tun farko, ka sassauta wa maraya. Duk wanda ka ɗaure, ka koma ka duba shi a daren da kuma washegari. Ka saba da ma'aikatan asibiti, ka karɓi lambarsu, ka nemi a nuna maka yadda ake duba hoton ƙashi. Wanda aka cire wa siminti ya dawo da gaɓa a sandare, nan ma aikinka ne, da mai da haƙuri.

Ya ce: "Baba Malam, in ina tura su asibiti ai za a ce ban iya ba." Na ce a'a. Yaro ɗaya da ka tura a kan lokaci ya dawo yana gudu, duk ƙungiyarsu da iyayensu sun zama naka. Hannu ɗaya da ya ruɓe a ɗaurinka kuwa, ya shafe sunan da mahaifinka ya yi shekara arba'in yana ginawa, ga kuma hisabi a gaban Allah. Faɗin "wannan ya fi ƙarfina" rabin sana'a ne.

Iyaye, ku ma da naku. In ɗanku na kuka cikin ɗauri, ku haska fitila ku duba yatsunsa kafin ku ce ya yi haƙuri.

A tura wa masu ɗori, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo, da duk mai yaro a gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yafe mana kurakuranmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.