Gyaran Ƙwayoyin Gado Don Magani: Matsayin Doka da Shari'a

Gyaran ƙwayoyin gado iri biyu ne: wanda ya tsaya a jikin majiyyaci, da wanda ya shafi maniyyi ko ƙwan mace, ya bi zuriya. Na farkon ne hukumomi ke ba wa lasisi. A 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy don masu amosanin jini, cutar da ta addabi Nijeriya ƙwarai. Tun 1998 Majalisar Fiƙihu ta Makka ta halatta irin wannan magani, matuƙar bai jawo cutarwa mafi girma ba. A nan gizo ke saƙa, domin maganin da ake share ɓargo da shi kafin dashe kan hana haihuwa. Don haka yardar majiyyaci ba ta inganta sai an bayyana masa wannan.